Makin da Aka Ci da Gumi, Aka Soke da Biro



Duk wanda ya saba duba teburin gasar ƙwallon ƙafa ya san wata 'yar alama mai kama da tauraro da akan saka a gefen sunan wata ƙungiya. In ka gangara ƙasan teburin za ka tarar da bayaninta da ƙananan haruffa: an cire wa wannan ƙungiya maki kaza. Makin nan ba a fili aka rasa su ba. Gola bai yi sake ba, 'yan baya ba su yi barci ba. Wasu mutane ne suka zauna a ɗaki, suka duba takardu, suka sa biro suka soke abin da 'yan wasa suka tara da gumi.

A kan wannan alama nake so mu yi tunani tare. Sau uku ta taɓa ni a 'yan shekarun nan: sau ɗaya daga Kano, sau ɗaya daga Ingila, sau ɗaya kuma a nan Kongolam, a filinmu mai yashi. Kowane karo abu guda na gani. Idan abu na jama'a ne, mutum ɗaya kan yi ɓarna, amma gidan duka ne ke biya.

Bari mu fara da Kano. Ko da yake mu nan ƙasar Daura cikin Jihar Katsina muke, yawancin yayyenmu da suka taso da sauraron ƙwallon gida a rediyo, Kano Pillars suka sani, kuma suna da dalili. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu: a 2008, sannan a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi fiye da shekara goma ba a doke ta a gida a wasan gasa ba, har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. A cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Saboda haka in ka ji an ce "Sai Masu Gida", akwai abin da ake tinƙaho da shi.

Ranar Asabar 16 ga Afrilu 2022, jajibirin Ista, ana kuma cikin azumin Ramadan, Katsina United ta je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wasan maƙwabta ne, kuma dukansu biyu suna neman maki ido rufe, domin babu wadda hankalinta ke kwance a tebur. An kusa tashi babu wanda ya ci, sai wasu daga cikin 'yan kallo suka tayar da rikici. Wasa ya tsaya, aka farfasa gilasan motar 'yan Katsina. Kafin dare hotunan motar sun zagaya wayoyinmu.

Hukumar LMC, wadda ke gudanar da gasar a lokacin, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta kuma kore ta daga Kano zuwa filin MKO Abiola da ke Abuja. Kafin ƙura ta lafa, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, hukumar ta haramta masa shiga harkokin gasar. Da kaka ta ƙare, Rivers United ta ɗauki kofi, ƙungiyoyi huɗu suka faɗa rukunin 'yan dagaji: MFM, Heartland, Katsina United, da Kano Pillars. Wanda aka fasa wa mota da wanda aka fasa a gidansa, tare suka sauka.

Ba maki ukun nan kaɗai suka kai Pillars ƙasa ba, domin kakar tun farko ba ta yi mata kyau ba. Amma ku tsaya mu lissafa waɗanda suka biya. Rabi'u Ali, kyaftin ɗin da ya ba ƙungiyar ƙuruciyarsa, ya sauka tare da ita. Mai sayar da rake da mai gyaɗa da mai ruwan leda a bakin filin sun rasa cinikin ranar wasa. Dattijon da ya yi shekaru yana sayen tikiti yana zama lafiya yana tashi lafiya, an kai masa ƙungiyarsa garin da ba shi da kuɗin motar zuwa. Ita kuwa tarar, da kuɗin mota da masauki da abinci na zirga-zirgar Abuja, daga ina suka fito? Pillars ta gwamnatin Jihar Kano ce, kamar yadda yawancin ƙungiyoyin gasarmu suke hannun gwamnatocin jihohi. Ke nan har matar da ba ta taɓa sanin inda Ƙofar Mata take ba ta sa hannu a biyan dutsen da wani ya jefa.

Wannan zance na kuɗi shi ne ciwon ƙwallonmu da ba a cika gani a tebur ba. A ƙarshen 2015, 'yan wasan FC Taraba sun shimfiɗa tabarmi da katifa a ƙofar gidan gwamnati a Jalingo, suka yi kwanaki a wurin, suna neman albashin watanni da suke bi. A shekarar ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasa. Wanda ya kalli teburin kawai zai ce yaran ba su iya ba. Bai ga haya da ke kansu ba, bai ga mai shago da ya daina ba su bashi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Ingila kuwa, kuɗin da kansa aka sa wa doka, kuma dokar tana iya taɓa teburi kai tsaye. Ga yadda take a gasar Firimiya a wancan lokaci: kowace ƙungiya za ta miƙa littafin kuɗinta duk shekara, kuma ba a yarda asararta ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku ba. Ana ɗauke mata wasu abubuwa daga lissafin, kamar abin da ta kashe a kan horar da yara da ƙwallon mata da ayyukan taimakon al'umma. Hikimar a fili take, daidai ruwa daidai tsaki. Kada mai ƙungiya ya yi ta sayen 'yan wasa da kuɗin da ba ya shigowa, ran da ya gaji ya tafi ya bar gari da bashi.

Everton, ƙungiyar birnin Liverpool mai shuɗiyar riga, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya ɗauki kofin FA da ita a 1995. Joseph Yobo da Yakubu Aiyegbeni da Alex Iwobi duk sun sa rigarta. Tun 1954 ba ta sauka daga babbar gasar Ingila ba. A 2016 wani attajiri mai suna Farhad Moshiri ya sayi babban kaso a cikinta, ya buɗe bakin aljihu. Aka yi ta sayen 'yan wasa da tsada, ana ɗaukar koci ana sallama ana biyansa, aka kuma fara gina sabon fili a bakin ruwa. Lissafin shi ne, in an kashe yau, gobe ƙungiya za ta hau sama, kuɗin talabijin da na gasar Turai su shigo su rufe ramin. Goben ba ta zo ba. Annobar korona ta rufe filaye, yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya sa ta yanke hulɗa da wasu manyan masu ɗaukar nauyinta, a fili kuma wasa ya ƙi.

Ranar 17 ga Nuwamba 2023, kwamiti mai zaman kansa ya yanke cewa asarar Everton ta kai fam miliyan 124.5, wato ta haura iyaka da miliyan 19.5. Aka cire mata maki 10. Da safe tana da 14, da yamma ta koma 4, tana ta 19 cikin ƙungiyoyi 20. Koci Sean Dyche, wanda ya zo a farkon shekarar, ba ya nan lokacin da aka kashe kuɗin. Shi da yaransa suka tashi da nauyin.

Na kalli wasansu na gaba a gidan kallo, wanda Manchester United ta ci su 3-0 a gidansu na Goodison Park, magoya baya sun ɗaga dubban katuna suna zargin hukumar gasar da rashin gaskiya. A benci na bayana ana ta musu. Wani ya ce zalunci ne: ga Manchester City can, tun Fabrairu 2023 aka tuhume ta da laifuffuka fiye da ɗari, ba a yanke mata komai ba, sai mai ƙaramin ƙarfi aka samu. Wani ya ce, to me ya sa ba a ci tarar mai ƙungiyar ba, a bar wa yara makinsu?

Tambayoyin nan biyu suna da nauyi, na kuma daɗe ina juya su. Game da ta farko, gaskiya ne jinkirin shari'ar babba yana sa ƙarami ya ji an raina shi, kuma duk hukumar da ke son a girmama hukuncinta dole mudunta ya zama ɗaya ga kowa. Amma ita Everton da kanta ta amsa cewa ta haura iyaka, gardamarta a kan yawan kuɗin ne da girman hukuncin. Tuhumar da ke kan wani ba ta goge abin da ke cikin littafinka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Game da ta biyu, mutumin da ya iya zuba ɗaruruwan miliyoyi, tara ba za ta hana shi barci ba. Zai ɗauke ta kamar kuɗin shiga, ya biya ya ci gaba. Abin da ya nema da kuɗin nan maki ne, shi ya sa aka taɓa makin. Akwai kuma waɗanda ba a jin kukansu a irin wannan musu. A kakar 2021/22, wadda ke cikin shekarun da aka bincika, Everton ta tsira da maki 39, Burnley ta faɗi da 35. 'Yan wasan Burnley ma gumi suka yi, magoya bayanta ma mutane ne. In an bar mai karya doka da ribarsa, wanda ya bi doka ne aka hukunta a ɓoye.

Duk da haka zafin bai ragu ba, domin wanda ya yi lissafin banza yana ofis, wanda ake yi wa ihu yana fili. Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan zafi a jikinmu. A daidai wannan lokaci iyakarmu a rufe take. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai a watan Maris 2024. Ba siyasar abin nake magana ba. Ina maganar direban da ke bin hanyar Daura zuwa Damagaram, da mai turin baro, da mai tuwo a bakin tasha, da dillalin da ke jiran Lahadi a kasuwar Mai'aduwa. Ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, amma su aka cire wa maki.

Rufe iyakar nan ne ya kawo mu karo na uku, wanda ya fi kusa da ni. Muna da 'yar ƙungiya a unguwarmu, Musulmi da Kirista a haɗe, ɗalibai da masu koyon sana'a. Da daminar 2023 muka yi niyyar shiga wata gasar dogon hutu da ake shiryawa tsakanin garuruwan yankinmu. Muka yi karo-karo na kuɗin rajista, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Golanmu yaro ne ɗan shekara goma sha shida, daga dakon da yake yi ran kasuwa ya cire nasa. Muka danƙa kuɗin a hannun wani babban yayanmu a unguwa, mutum mai fara'a, wanda ya sha saya mana ƙwallo da kuɗinsa. Babu wanda ya yi tunanin rubuta komai. Ai Yaya ne.

Ya biya rabin rajista, masu gasa suka ba mu zuwa ƙarshen wasannin rukuni mu cika. Muka buga wasa uku, muka ci biyu, muka yi canjaras ɗaya babu ci. Maki bakwai, mu ne a sama. Ran da za a haɗa wasannin gaba sai aka kira kyaftin ɗinmu aka ce ba a ga cikon kuɗinmu ba, wa'adi ya wuce, ƙungiyar da ke bin mu ita za ta wuce. Da muka bincika sai muka tarar Yaya ya haɗa sauran kuɗin da jarinsa ya aika a sayo masa kaya daga tsallake, da niyyar kafin wa'adi ya sayar ya mayar, har ya ƙara mana da kuɗin riguna daga riba. Iyaka ta rufe, kaya suka maƙale.

A hanyar komawa gida golan nan ya jera da ni. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaya, ni fa ko ƙwallo ɗaya ban bari ta shiga ba. Wane laifi muka yi?"

Na ce masa, "Ƙanena, kai ba ka yi laifin komai ba."

Ya ce, "To me ya sa mu aka cire?"

Ban ga laifin masu gasar ba. Sun faɗi ƙa'ida tun farko, sauran ƙungiyoyi sun cika nasu, da kuɗin ake biyan alƙalan wasa a sayi kofi. Da sun ɗaga mana ƙafa, da sun zalunci waɗanda suka takura kansu suka biya a kan lokaci. Amma yaya za ka bayyana wa yaron da ya ɗauki buhu a ka don ya samu wurin tsayawa a raga cewa takarda ta fi hannunsa ƙarfi?

Bayan kwana biyu Yaya ya zo filin atisaye da kansa, ya tsaya a gabanmu ya ce, "Ƙannena, kuɗinku ban ci ba. Juya su na yi, hanya ta rufe. Ku yi haƙuri, zan biya." Ya kuwa biya, kaɗan-kaɗan, har ya gama. Na girmama shi don wannan tsayuwa, domin ba kowane babba ke iya sunkuyar da kai gaban ƙannensa ba. Sai dai kuɗi sun dawo, gasar ba ta dawo ba. Biyu daga cikin yaranmu sun tafi neman kuɗi kudu kafin wata shekara, wannan ce gasarsu ta ƙarshe da mu.

Shi ya sa da labarin Everton ya zo bayan wata biyu, bai zo mini a baƙo ba. Bambancin fam miliyan da 'yan dubban naira ne kawai, zuciyar abin ɗaya ce. Ba da niyyar rusa gida aka fara ba. Mutum ne ya ɗauki abin jama'a ya ɗora a kan goben da ba ta hannunsa, ya kuma yi shi a inda babu idon da zai ce masa tsaya. A wurinmu ba a cika kiran wannan sata ba. Mukan ce aro, ko juyawa, ko "zan mayar kafin a nema". Amma aron da mai abu bai san da shi ba, sunansa ya riga ya canza.

Akwai wani abu a tarihin Everton da ya kamata ya tsaya mana a rai. Ƙungiyar nan ta fara ne a 1878 da sunan St Domingo, daga matasan wata majami'ar Methodist a Liverpool, waɗanda aka nema wa wasan da za su riƙa yi lokacin sanyi. Bayan shekara ɗaya ta koma Everton. Wato wannan babban gida da ake lissafin asararsa da miliyoyin fam, daga taron matasa kamar namu ya tsiro, masu ƙwallo ɗaya da ɗan asusun da bai cika tafin hannu ba. Babu wanda ya san abin da ƙaramin taro zai zama. Halin da aka saba da shi lokacin da asusu yake cikin gwangwani, shi ne zai bi mutum ran da aka danƙa masa na ofis ko na ƙungiyar 'yan kasuwa ko na ƙaramar hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da muka sake taruwa, mun sa wa kanmu ƙa'ida uku, kuma ina ganin za su yi wa kowane asusun haɗaka amfani, ko na ƙwallo, ko na adashi, ko na zumuntarmu, ko kuɗin rigunan mawaƙa.

Na farko, mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Ni aka ba littafi, wani ɗan'uwa aka ba kuɗi. Ba na taɓa ko naira ɗaya, shi kuma ba ya fitar da ko naira ɗaya sai na rubuta. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kariya ce gare mu duka biyu, domin ran da aka yi zargi, akwai abin nunawa.

Na biyu, duk Asabar bayan atisaye ana karanta littafin da ƙarfi a gaban kowa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, sannan a ƙirga kuɗin a kan tabarma. Da farko wasu sun ce ɓata lokaci ne. Yanzu ƙananan cikinmu ne ke fara cewa a kawo littafi. Na lura kuma tun da aka fara haka karo-karo ya ƙaru, domin mutum ya fi sakin hannu in yana ganin inda abinsa ke zuwa.

Na uku, kuɗin ƙungiya ba ya kwana a jarin kowa, ko da dare ɗaya ne, ko da riba ta tabbata. Wanda ke da buƙata ya faɗa a gaban taro, in an yarda a rubuta. Abin da ba za ka iya roƙa a gaban mutane ba, kada ka ɗauka a bayansu.

Saura magana ɗaya, ga wanda hukuncin laifin wani ya riga ya faɗa wa. Me zai yi? A nan ma kakar Everton tana da abin koyarwa. Bayan shan kashi a hannun United, 'yan wasan sun ci wasa huɗu a jere cikin Disamba: Nottingham Forest, Newcastle, Chelsea da Burnley. Maki 12 ke nan, sun fi goman da aka soke. Daga nan suka shiga wani dogon fari, wasa 13 na gasa babu nasara. Ƙungiyar ta ɗaukaka ƙara, ranar 26 ga Fabrairu 2024 aka rage hukuncin zuwa maki 6. Ranar 8 ga Afrilu aka sake cire mata 2 saboda lissafin shekarar da ta biyo baya. Mako guda bayan haka Chelsea ta zuba mata 6-0. Amma ranar 24 ga Afrilu ta doke Liverpool 2-0, karo na farko a gidanta tun 2010. Ta ƙare ta 15 da maki 40, ba ta faɗi ba. Nottingham Forest, inda Taiwo Awoniyi da Ola Aina ke wasa, ita ma an cire mata 4 a watan Maris, ita ma ta tsira.

Ku lura da abu biyu. Waɗanda ke fili sun ci gaba da aikin da ke gabansu, ba su zauna suna kukan abin da ba su da iko a kansa ba. Waɗanda ke ganin hukuncin ya yi tsauri kuma sun bi ta ƙofar da doka ta buɗe, suka dawo da maki huɗu. Katin da magoya baya suka ɗaga bai fasa kan kowa ba. Dutse kuwa bai taɓa dawo da maki ko ɗaya ba, sai dai ya tafi da wasu.

Kano Pillars da Katsina United sun koma babbar gasa tare a 2023, kuma mun yi murna. Amma a watan Oktoba 2025, bayan wasa da Shooting Stars a Kano, aka sake kai wa alƙalan wasa hari, aka sake cire wa Pillars maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Garin da aka fasa wa mota shi ya zama masauki. Wannan ya nuna mini cewa hukunci yana iya tsayar da mutum, amma ba ya canza hali shi kaɗai. Sai mutanen gida sun yarda a tsakaninsu cewa makin nan na kowa ne, har na zaune a benci ya iya riƙe hannun na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, ajiye dutsen nan, da mu za a cire."

Ƙaunatattu, kusan kowannenmu yana riƙe da wani abu da ba nasa shi kaɗai ba. Wata kuɗin adashi ne a hannunta. Wani makullin shagon maigidansa. Wani kuɗin makarantar ƙanensa da aka turo ta wayarsa. Wani kuwa sunan gidansu ne kawai yake yawo da shi a gari. A bayan kowane ɗayan waɗannan akwai wani kamar golanmu, wanda ya yi nasa aikin tsakani da Allah, yana kuma dogara cewa kai ma za ka yi naka.

Saboda haka ga abin da nake roƙonmu a wannan mako. In kana riƙe da kuɗin mutane, kawo littafin kafin a tambaye ka. In akwai giɓi, faɗi yau, tun ana iya cike shi, kada ka jira ranar wa'adi. In kai memba ne kawai, tambayi lissafi cikin ladabi, kada kunya ta sa ka bar ɗan'uwanka shi kaɗai da jaraba. In kuma kai ne aka soke wa maki a kan laifin da ba naka ba, ɗaura takalminka, akwai sauran wasa.

Ubangiji ya sa a same mu da aminci a kan abin da aka danƙa mana, ƙarami da babba. Amin.